Shaf ɗin Land Rover dina na yawan karyewa, in canza aksul ne gaba ɗaya?

TAMBAYA: Salam Oga, barka da aiki. Ina da tsohuwar Land Rover Series III gajeriyar nan mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, ina ɗaukar buhunan masara da ita a ƙauyukan wajen Gembu. Damunar bana kaɗai sau uku shaf ɗin baya, wato sandar ƙarfen da take juya taya, yana karye min a hawa. Wani yace in canza aksul, wato gadar ƙarfen da take riƙe tayoyin biyu, in sa na Land Rover Defender in huta, wani kuma yace na doguwar 109 zan nema. Don Allah wanne ya fi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da fama. Duk wanda ya san hawan Mambila da damuna ya san ba ƙaramin aiki motar nan take maka ba.

Na 109 ɗin zaka nema, wanda ake kira Salisbury. Amma tsaya kaji dalili tukunna kafin ka kashe kuɗinka.

Aksul ɗin da gajeriyar Series take zuwa da shi na Rover ne, shaf ɗinsa haƙora 10 gare shi a kan da yake shiga cikin dif, wato tukunyar giyar da ke tsakiyar aksul mai raba juyi ga tayoyin biyu, kuma a daidai wurin nan yake karyewa kusan kullum. In ka zaro karyayyen ka duba zaka ga haƙoran sun murɗe kamar igiya kafin su tsinke, guntun kuma ya maƙale a ciki sai an zaro na ɗaya gefen an zura siririn rodi an bugo shi. Wannan murɗewar ba rana ɗaya take faruwa ba, taya ce take juyawa a banza cikin taɓo kana taka mata wuta, sai kwatsam ta cafki dutse ga buhuna a baya, to duk ƙarfin nan a kan shaf yake sauka. Shi Salisbury haƙora 24 ne, shaf ɗin ya fi kauri, cikin dif ɗin ƙananan giya huɗu ne maimakon biyu, asalinsa ma daga samfurin Dana 60 na Amurka aka ɗauko shi. Shi yasa da Series III ta fito a 1971 shi aka riƙa sa wa doguwar 109 a baya, saboda ita aka yi don kaya. Gane shi ba wuya, ka leƙa ta baya zaka ga murfi mai notuna kewaye da shi, na Rover kuwa bayansa a shafe yake, ta gaba ake ciro dif ɗinsa.

Na Defender ɗin da aka baka shawara ni dai ban goyi baya ba. Ya fi faɗi, an yi shi ne don sifirin mai naɗi ba mai ganye irin naka ba, sannan babbar matsalar lissafin juyinsa 3.54 ne alhali na gabanka 4.7, wato yawan juyin da farfela (doguwar sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa dif) take yi kafin tayoyi su juya sau ɗaya. In gaba da baya basu daidaita ba, ranar da ka danna rawayar sandar nan ta fo-wil, mai sa tayoyi huɗu su ja, tayoyin gaba da na baya zasu dinga jayayya da juna har wani abu ya fashe, ko dif ko giya. Sai dai ka canza duka biyun, kuma ko ka canza ƙarfin hawa zai ragu, kai kuma hawa ne sana'arka.

Ko Salisbury ɗin ma kar ka biya sai ka gwada, don na Stage One V8, wato doguwar 109 mai injin V8, shima 3.54 ne kuma a ido kamarsu ɗaya. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ka samo shi ko Panteka ta Kaduna, ka riƙe taya ɗaya kar ta motsa, ka yi alama da alli, ka juya ɗayar sau biyu cif kana ƙirga juyin bakin da farfela take ɗaurewa. In ya kusa biyar naka ne, in uku da rabi ne ka bar musu kayansu. Ka sa a buɗe murfin ma ka ga haƙoran da idonka, ka taɓa man kaji ko akwai garin ƙarfe a ciki.

Sai aikin ɗaurawa, nan ne mutane suke ɓata abu. Mazaunin sifirin na 109 ba a wuri ɗaya yake da na 88 ba, dole a yanke a sake walda, kuma wallahi ka samu mai walda da ya san aikinsa ya auna kusurwar da bakin dif yake kallo kafin ya kama, in ya karkace mota zata dinga kakkarwa tana cin kuros, wato gaɓar farfela, duk wata. Hancin Salisbury ya fi tsawo saboda haka farfelar baya sai an rage ta, a kai wa masu injin juya ƙarfe su yi ta miƙe sosai, kar a yanke a ƙasan gareji da ido. Birki ma ka kula, na 109 inci 11 ne naka 10, in ka bar babba a baya ƙarami a gaba bayan motar zai riƙa kullewa kafin gaba, a gangara mai santsi kuwa wannan rai ne. Ko ka mayar da naka na inci 10 kansa, ko ka ƙara girman na gaba su tafi tare.

Abu ɗaya da zaka rasa, ya fi nauyi kuma cikinsa ya ɗan fi saukowa ƙasa, zaka ji yana shafar tudun tsakiyar hanya inda da kake wucewa lafiya. Taya 7.50x16 tana rage wannan, amma kar ka wuce haka, don na gaba har yanzu na Rover ne mai haƙora 10 kuma yanzu shi ne mai rauni a motar.

Kafin kuɗin su haɗu, ka riƙa saka jar sandar nan ta ƙaramar giya tun daga gindin hawa, kar ka jira sai ka kafe, in taya ta fara juyawa a banza ka ɗaga ƙafa. Ka ajiye shaf biyu a mota, dogo da gajere don ba tsawonsu ɗaya ba. In kuma ya karye a daji, ka kwance notuna shidan bakin taya ka zare shaf ɗin duka biyu, ka cire farfelar baya, ka mayar da murafen, ka sa fo-wil, gaba kaɗai zai ja ka a hankali har gida in ka sauke kayan. Man EP90 kuma ka duba shi duk lokacin da ka tsallaka rafi, in ya koma kalar madara ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo.