Hendrix ko Van Halen, wa ya fi?

Malam, ka tambaya wa ya fi iya jita tsakanin Jimi Hendrix da Eddie Van Halen, duka sun riga mu gidan gaskiya. Abu biyu ka haɗa: gwaninta daban, tasiri daban.

In saurin yatsu ne da tsabtar kiɗa, Van Halen zan ba. Saurari faifan ƙungiyarsa na farko, na 1978, inda yake danna tsirkiya da yatsun hannu biyu a wuyan jita. Ba shi ya ƙirƙiro salon ba, shi dai ya yaɗa shi.

Tasiri kuwa na Hendrix ne. Bahago ne, sai ya juya jitar Fender Stratocaster ta masu dama, ya mai da ƙugin lasifika da wasu ke gudu ya zama kiɗa. Ya rasu a Landan a 1970 yana ɗan shekara 27, amma har makaɗin jita Bombino na Agadas ya koyi hannu da kallon bidiyonsa.

Kada ka yanke hukunci da guntun bidiyon TikTok, ko ka auna rikodin Hendrix na 1967 da na'urorin yau. In koyo kake, nemi malamin jita ya gyara maka riƙo tun wuri, kafin wuyan hannu ya fara ciwo.