Me Ya Sa Holan Ta Yi Kaka-Gida a Tseren Ƙanƙara?

Tambaya: Malam, duk lokacin da na kalli gasar Olamfik ta hunturu, sai in ga 'yan Holan masu rigar ruwan lemo ne ke kwashe lambobin tseren zamiya a kan ƙanƙara, alhali ƙasar ba ta kai Rasha ko Kanada sanyi ba. Ina sirrin yake? Kuma yaya rayuwar ɗan tserensu take tafiya?

Amsa: Idonka bai ruɗe ka ba. A Olamfik ɗin Sochi da ke Rasha, a 2014, lambobi 36 aka raba a tseren dogon fili mai zagayen mita 400, Holan ta ɗauke 23, ciki har da zinare 8 daga cikin 12. Sau huɗu ana kiran na ɗaya, na biyu da na uku, duk 'yan ƙasar.

Tushen abin tsoho ne. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai yawan magudanan ruwa, idan suka daskare sai su zama hanya tsakanin garuruwa. An kafa hukumar wasan ta ƙasar, KNSB, tun 1882, kuma ɗansu Jaap Eden ya zama zakaran duniya a 1893. Sai dai yau sanyin ya ja baya. Shahararren tseren nan na garuruwa goma sha ɗaya a lardin Friesland, mai kusan kilomita 200, rabon da a yi shi tun Janairun 1997, don ƙanƙarar ba ta ƙara yin kaurin da ake bukata ba. Filayen da inji ke daskarar da su ne suka riƙe wasan, musamman Thialf da ke garin Heerenveen, wanda aka yi wa rufi a 1986.

A ganina, a Thialf ɗin nan amsar tambayarka take. Kowace ƙasa ba ta wuce 'yan tsere uku a nisa guda a Olamfik, ita kuwa Holan tana da gwanaye da suka ninka haka. Don haka a watan Disamba kafin gasar ake yin tseren fidda gwani a gida, kuma sau da yawa shi ya fi Olamfik ɗin zafi. Mutum yana iya zama na huɗu a Holan, ya kalli gasar a talabijin, alhali da wata ƙasa ya fito da shi ne tauraronta. Wannan ne ya kori Ted-Jan Bloemen zuwa Kanada, ƙasar da aka haifi mahaifinsa, a 2014. Bayan shekara huɗu ya ci zinare a mita 10,000, ya bar ɗan Holan Jorrit Bergsma da azurfa. Kafin shi Bart Veldkamp, wanda ya ci wa Holan zinare a 1992, ya koma Beljiyam, ya samo mata tagulla a 1998.

Wanda ya tsallake wannan siraɗi kuwa, sana'a ya samu. Tun tsakiyar shekarun 1990, da Rintje Ritsma ya ɓalle daga ƙungiyar ƙasa ya kafa tasa da kuɗin kamfani, manyan 'yan tsere ke karɓar albashi daga ƙungiyoyi masu zaman kansu, da kocinsu da likitansu. Shi ya sa suke daɗewa. Ireen Wüst ta ci zinarenta na farko a Turin a 2006 tana da shekara 19, ta kuma ci gaba da ɗaukar zinare na ƙashin kanta a 2010, 2014, 2018 da 2022. Ta ajiye takalmi da lambobin Olamfik 13.

Sven Kramer, ɗan garin Heerenveen, tsaranta ne, duk haihuwar 1986. Ya ci mita 5,000 a Olamfik sau uku a jere, ya zama zakaran duniya na haɗakar nisa, wato gasar da ake haɗa sakamakon gajere da dogon tsere, sau 9. Amma abin da ake ta tuna shi da shi wanda ya kufce masa ne. A Vancouver, 2010, yana gaba a mita 10,000, kocinsa Gerard Kemkers ya nuna masa layin ciki a inda ya kamata ya bi na waje. Ya gama da lokaci mafi kyau, alƙalai suka soke, zinaren ya tafi ga Lee Seung-hoon na Koriya ta Kudu. A 2014 Bergsma ya sha gabansa. Har ya yi ritaya a 2022 bai taɓa wannan zinaren ba.

Akwai kuma batun takalmi. Masanin jami'ar Vrije da ke Amsterdam, Gerrit Jan van Ingen Schenau, ya jagoranci ƙera wanda kaifinsa, wato ƙarfen zamiya da ke ƙasan takalmin, ke rabuwa da diddige, ya daɗe a kan ƙanƙara yayin turawa. Matan Holan suka fara sa shi a kakar 1996 zuwa 1997, sannan a Nagano, 1998, Gianni Romme da Marianne Timmer kowa ya ci zinare biyu. Kada dai a zuzuta wannan, domin a lokacin kowa ya riga ya sayi irinsa.