Zan hau jirgin ruwan shaƙatawa da Mama, me zan riƙe a hannu?

Tambaya daga wata 'yar uwa a Kaduna: Assalamu alaikum Anti, ni da Mamana za mu yi sati guda a jirgin ruwan yawon buɗe ido da ke tashi daga birnin Basalona na ƙasar Sifaniya, kuma bamu taɓa hawa ba. Mama tana da ciwon suga da hawan jini. An ce a bakin tasha ake karɓe manyan akwatuna, to me ya kamata na cire na riƙe a jakar hannu?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma ya saka miki. Abinda nake so ki fara sawa a ranki shine akwatin nan sau biyu zai ɓace miki, ranar shiga da daren ƙarshe, kuma duk wahalar da mutane ke sha a cikin awannin nan ne.

Kuna sauka daga mota a tasha masu ɗaukar kaya za su tarbe ku, su duba takardar da kika liƙa a hannun akwatin mai lambar ɗakinku, su jefa shi cikin wani keji mai taya tare da na mutane ɗari, shikenan kun rabu. Babban jirgi yana ɗaukar fasinja dubu 4 ko 5 har fiye, kowa da akwati ɗaya ko biyu, kuma ma'aikata ne ke rabawa ƙofa ƙofa, don haka kina iya shiga da azahar akwatinki bai iso ba sai bayan magariba.

To na farko fasfo ɗinku da biza da takardar shiga jirgin da katin allurar shawara, waɗannan a jikinki za su zauna. Na taɓa ganin wani bawan Allah a layin rajista yana lalube aljihu yana zufa, ashe fasfonsa na cikin zif ɗin gaban akwatin da ya miƙa minti 20 da suka wuce, matarsa na riƙe da yara biyu tana kallon tulin kaya ta gilashi, wallahi sai da tausayinsu ya kama ni, don babu mai barinka ka taka jirgin ba fasfo, nemo akwati ɗaya a cikin dubbai kuwa ba wasa bane.

Sai maganin Mama, kuma nan nafi son ki tsaya. Duka za ki ɗauko a hannu, ba na kwana ɗaya ki tura saura a akwati ba, ki ƙara da na kwana 3 ko 4 saboda jinkirin hanya, ki barsu cikin kwalinsu mai suna tare da takardar likita. Idan allurar insulin take yi ki sa a ƴar jakar sanyi, zafi yana lalata ta kuma kaya kan jima a rana a bakin tasha, sannan ki tambayi mai kula da ɗakinku ko ƙaramin firijin ɗakin yana sanyi sosai, wasu na sanyaya lemo ne kawai. Abin gwada suga, tabaronta, ɗan biskit ko dabino ko da suga zai faɗi a layi, duk a hannu. Akwai asibiti a jirgin amma kuɗi ake biya mai tsada, kuma ba lallai su samu irin maganin da ta saba ba.

Kuɗi, katin banki, sarƙa da ɗan kunnen gwal, waya da laftof, kar ko ɗaya ya shiga akwati. In kika karanta sharuɗɗan tikitin za ki ga kamfanonin sun rage abinda za su biya idan kaya ya ɓata, kuma galibi sun cire hannunsu daga kuɗi da gwal. A ɗaki akwai ɗan sef mai lamba, kina shiga ki zuba su ki kulle. Caja da fawa bank ma a hannu, dama tun a jirgin sama ba a yarda fawa bank ya shiga kayan awo ba.

Ki ƙara da hijabi da sallaya mara nauyi, azahar da la'asar za su same ku kafin kaya su zo, da kaya kala ɗaya kowa, da buroshi. Amma don Allah kar jakar ta zama wani akwatin, sau da yawa ba a buɗe ɗakuna sai wajen ƙarfe 1 ko 2 na rana, ke za ki yi ta janta a wurin cin abinci ga Mama a ɗaya hannun.

Daren ƙarshe kuma za a baku takarda mai kala ku liƙa, ku fitar da akwatuna ƙofar ɗaki kafin ku kwanta, za ki ga layin ɗakunan ya cika da akwatuna tun daga farko har ƙarshe, cikin dare a kwashe, sai a tasha za ku sake ganinsu. Kafin ki ja zif ki shimfiɗa kayan da za ku sa da safe a kan gado har takalmi da mayafi, ki ware maganin safe, fasfo da katin ɗaki.

Wata kuma ta rubuto: Anti ni bana iya kwana a ɗaki ba turaren wuta, in na cusa bona da gawayi da ƙaramin ketul a tsakiyar kaya ai ba mai gani ko?

Za su gani ƙanwata, kowane akwati sai ya bi ta na'urar haska kaya. Idan suka hango abu mai zafi sai su riƙe akwatin gaba ɗaya, kowa nasa ya iso naki shiru, sai a kira ki can ƙasa ki buɗe a gabansu su ɗauke abin su baki rasit. Turaren wuta, kyandir, ayan na guga, ketul, hita, har ekstenshan mai kariya daga hauhawar wutar lantarki, yawancin kamfanoni sun hana. Kuma ina bayansu a wannan, a tsakiyar teku babu abin tsoro kamar gobara. A watan Maris na 2006 wuta ta tashi a barandar wani ɗaki a jirgin Star Princess yana hanyar Jamaika, bincike ya fi karkata ga guntun sigari, ta ci ɗakuna da dama kuma mutum ɗaya ya rasu. Ki tafi da humra da turaren fesawa, ki shafa a labule da filo, ruwan zafi kuwa akwai a wurin cin abinci, guga kuma ki ba masu wankin jirgin.

Kilishi da dambun nama ma ki haƙura dasu in ta Turai za ki bi, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, tun a filin jirgin sama za a iya ƙwacewa. Kafin ki fara haɗa kaya ki buɗe shafin kamfanin da kika yanki tikiti ki karanta jerin abubuwan da suka hana, don kowanne da nasa kuma suna sauyawa.