Me Ya Sa Mai Noman Abinci Yake Kwana da Yunwa?

Tambaya: Malam, kullum ana cewa ƙananan manoma ne ke ciyar da duniya, amma idan aka tashi lissafin masu fama da yunwa da talauci sai a ce yawancinsu mazauna karkara ne. Ta yaya mai noma zai rasa abin da zai ci? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, maganar farko tana bukatar ɗan gyara. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ƙiyasta cewa gonakin duniya sun haura miliyan 600, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari suna hannun iyalai. Sai dai gonar iyali tana iya zama makekiya. Gonakin da ba su kai hekta 2 ba su ne kashi 84 na gonakin, suna riƙe da kashi 12 kacal na ƙasar noma, amma duk da haka suna samar da kusan sulusin abincin duniya.

A ganina, babban ciwon yana farawa ne da kaka. Magidancin da ya ci bashi ya sayi taki, ranar da ya kai amfani gida zai tarar da mai bin bashi a ƙofa, ga kuɗin makarantar yara, ga na magani, dole ya kai hatsinsa kasuwa a daidai lokacin da kowa ya kai nasa, farashi ya faɗi warwas. Ragowar da ya zuba a rumbu kuma ƙwari da ɓeraye da danshi ne ke raba ta da shi, har uwargida ta ɗebo hatsi ta ga gari yana zuba daga ƙwayoyin da aka huda. FAO ta ce a 2019 kusan kashi 14 na abinci yana salwanta tun daga girbi kafin ya isa wurin mai sayarwa.

Damina na tsaka rumbu zai ƙare, ya koma ya sayi da tsada abin da ya sayar da araha, kuma domin samun kuɗin sai ya tafi ƙwadago a gonar wani alhali ciyawa na cinye tasa. Girbin da ke tafe ya ragu ke nan tun kafin amfanin ya nuna, wanda abin takaici ne ƙwarai.

Ana iya fita daga wannan hali. Ƙasar Biyetnam da ke nahiyar Asiya, wadda ta sha ƙarancin abinci, ta damƙa filaye ga iyalai a 1988, kuma a 1989 ta soma fitar da shinkafa waje da yawa. Shugabannin Afirka kuwa sun yi alkawari a Maputo, babban birnin Mozambik, a 2003 cewa za su ware wa noma kashi 10 na kasafin kuɗinsu, wanda da shi ake gina hanyoyin karkara da rumbunan ajiya, amma ƙasashe ƙalilan ne suka cika shi.