Amsa ga Hajiya kan tallafin karatu a KNUST

Hajiya, kin ce 'yarki ta samu gurbi a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi a Ghana, mahaifinta ya rasu, kuma cinikin koko da ƙosai a unguwar Aboabo ba zai ɗauki kuɗin makaranta ba. Allah ya jiƙan maigida.

Sai ta fara da ofishin tallafin ɗalibai na cikin jami'ar. Ba maki kaɗai ake dubawa ba, halin gida ake bincika: wa ke ciyar da ita, nawa ke shigowa, ƙanne nawa ke makaranta. Ta haɗa takardar rasuwar mahaifinta da takardar shiga jami'a cikin leda guda, kuma kada kunya ta sa ta ɓoye rashi. Akwai shirin tallafin karatu na gidauniyar Mastercard Foundation, mai biyan kuɗin karatu da na ɗaki, sai dai manema sun yi yawa, kada ku dogara da shi kaɗai.

Sai bashin SLTF, asusun gwamnati mai ba ɗalibai rancen karatu. Yanzu ba sai da mai tsaya mata ba, Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ya isa. Amma bashi ne, za ta biya bayan karatu, kuma da ruwa a kansa; ku fara jin ta bakin malaminku.