Ya bar sigari ya koma shamma, yanzu ga farin tabo a bakinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Shara Mansur nake a Makka. Maigidana direba ne, ya kai shekara 20 yana shan sigari. Bara wani abokin aikinsa ya ce masa idan yana son bari cikin sauƙi ya koma sa shamma, garin nan da ake dannawa a leɓe, tunda babu hayaƙi babu cuta. Ya bar sigarin, amma yanzu ko barci ba ya yi sai da ita a baki. Kusan wata biyu ke nan na ga wani farin tabo a cikin leɓensa na ƙasa, ba ya ciwo, ba ya tafiya. Hankalina a tashe yake. Akwai inda za a taimaka masa ba tare da kuɗi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tabon nan za mu fara da shi. Duk farin tabo ko gyambo da ya wuce mako biyu a bakin mai sa taba bai warke ba, likitan haƙori ko na baki ya kamata ya gani, a wannan makon. Da yawansu ba ciwon daji ba ne, amma wasu su ne mafarinsa, kuma ba a rabewa da ido. Rashin zafin kada ya kwantar muku da hankali, domin a farko irin wannan ba ya ciwo.

Sai maganar abokin nasa. Wallahi ba ranar da ba na jin ta, kuma ta ishe ni. Mutum zai shigo yana murna ya ce "Likita na bar taba," ka ce buɗe baki, ka tarar da ƙullin shamma a ƙarƙashin leɓe. Shamma taba ce. Garin ganyen taba ne aka haɗa da toka ko farar ƙasa da kayan ƙamshi, ɗan'uwan tumbak ɗin Sudan da ake kwaɓawa da kanwa, kuma ɗan'uwan garin tabar da tsofaffinmu ke dannawa a kumatu a gida. Tokar da kanwar ba don daɗi ake sa su ba. Su ne ke sa nikotin ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri, shi ya sa kika ga ta kama shi fiye da yadda sigari ya kama shi. Mai sigari yakan kunna, ya gama, ya yar. Mai shamma kuwa yini yake da ita, a wuri ɗaya, tana jiƙa nama ɗaya da sinadaran da ke haddasa daji. Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tabar baki a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam: na baki, na maƙoshi, na pancreas, wato gaɓar ciki da ke fitar da insulin. A nan Saudiyya yankin Jazan ne ya yi suna da yawan dajin baki, kuma can ne aka fi sa shamma. Haka labarin shisha yake, masu cewa ruwa yana wanke hayaƙin. Ruwan sanyaya shi kawai yake yi, mutum ya ƙara zuƙa sosai, ga hayaƙin gawayi a kai.

Kuma ku yi nesa da masu tallan "maganin barin taba a kwana uku" a WhatsApp da bakin kasuwa. Ba su faɗin abin da ke ciki, sai dai kuɗinku ya tafi.

Taimako na kyauta yana nan. Ma'aikatar Lafiya tana da asibitocin barin taba a cikin cibiyoyin lafiya na unguwanni, ga 'yan ƙasa da masu igama, wato takardar izinin zama. Ya kira 937, ko ya nemi lokaci ta manhajar Sehhaty. Akwai kuma ƙungiyar Kafa da ke aiki a yankin Makka da Jidda, da Naqa a Riyad, dukkansu na agaji ne. Ya gaya musu gaskiya cewa shamma yake sawa, da sau nawa a rana, don a auna masa magani daidai. Yawanci filastar nikotin ake liƙa wa a fata kowace safiya, a haɗa da cingam ɗin nikotin idan sha'awa ta taso, ana rage ƙarfinsa a hankali cikin wata biyu zuwa uku. Wannan nikotin ne tsantsa, babu ganyen taba a ciki. Akwai kuma ƙwayoyin da sai likita ya rubuta. Na san a cikinmu akwai waɗanda matsalar takarda ke hana su kusantar ofis. Su ma filasta da cingam ana sayar da su a kantin magani ba sai da takardar likita ba.

Ke ma akwai naki aikin. Kwana uku na farko su ne masu wuya: zai yi faɗa, kai zai yi ciwo, barci zai ƙi. Bayan mako biyu zuwa huɗu yana lafawa. Ku sa rana, a zubar da abin da ya rage a gida da cikin mota, ki ajiye masa asuwaki a aljihu don bakin da ya saba da abu. Ki tuna masa yana kai azumin Ramadan tun asuba har magariba babu ita. Idan ya zame ya koma, kada ki yi masa gori, yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da dama. Amma tabon, Hajiya, kada ya jira ranar barin taba. Ku kai shi a duba.