Muryata ta dishe ga bikin waƙoƙi ya matso: in yi allurar buɗe murya?

Tambaya: Likita, ina layin sufurano, wato masu siririyar murya, a kwaya, ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Jos. Saura kwana goma bikin waƙoƙin yabo, za a kaɗa ogan, jama'a duka za su rera. Ga shi sati biyu ke nan muryata a dishe, in na hau sama sai ta tsinke. Wata mama a zumuntar mata ta ce in riƙa haɗiye ɗanyen ƙwai da zuma, wani kuma ya ce akwai allurar buɗe murya a kemis. Hankalina a tashe yake, kada in ba da kunya.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Yawanci irin wannan dishewa kumburin tantanin murya ne daga yawan gwaji, balle in an haɗa da ƙurar hunturu.

Batun ƙwai ba zai ci mana lokaci ba. Abin da kika haɗiya hanyar ciki yake bi, tantanin murya kuwa a hanyar numfashi yake. Da ƙwan ya taɓa shi, da kin ƙware, kin yi ta tari. Ribarki kawai ita ce haɗarin gudawa. Zuma a ruwan ɗumi ba laifi, tana sanyaya maƙogwaro, iyakarta ke nan.

Allurar ce ke ɓata mini rai. Abin da ake tsira muku a kemis galibi dexamethasone ne, maganin nan da wasu mata ke sha don su yi ƙiba. Lallai yana sauke kumburi, washegari ki ji murya ta washe, ki ce an yi mu'ujiza. To amma ciwon yana nan, an dai rufe masa baki ne. Tantanin nan, in kin kama sautin "la" da ake daidaita kayan kiɗa da shi, sau 440 yake karkaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Ki ɗora wannan aiki a kan naman da bai warke ba, kina tsaye awa biyu. Ƙaramar jijiya na iya fashewa, jini ya kwanta a ciki, murya ta ɗauke a tsakiyar baiti. Wadda da hutun kwana biyar zai ishe ta, sai ta koma jinyar watanni, wata ma sai an yi mata tiyata. Ban da haka maganin na tayar da suga da hawan jini. Shin mai kemis ya tambaye ki ko kina da ciwon suga, ko gyambon ciki, ko juna biyu? Ya leƙa maƙogwaronki? Mu kanmu ba ma ba mawaƙi wannan magani sai mun zura madubi mun gani da idonmu. Shi kuwa ɗari biyar ɗinki kawai ya gani.

Ki yi shiru kwana uku zuwa biyar: ba waƙa, ba doguwar hira a waya, ba kuma raɗa, don raɗa ma wahalar da tantanin take yi. Ki sha ruwa sosai, ki yi suracen ruwan zafi zalla, ki daina kakin maƙogwaro.

Ranar bikin kada ki yi gasa da ogan. Ba ya numfashi, ba ya gajiya, kuma duk wanda ke cikin ƙara yakan ɗaga murya bai sani ba. In ba kya jin kanki, toshe kunne ɗaya da yatsa. Baitin da ya yi tsawo ki bar wa jama'a, ai domin su aka shirya taron. Ki kuma roƙi mai kiɗa ya sauke makullin waƙar, wato tsayin sautinta, da mataki ɗaya. Ogan na lantarki da yawa suna da maɓallin yin haka.

In dishewar ta kai sati huɗu, ko kin ga jini, ko haɗiya ko numfashi na yi miki wuya, ki tafi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ko da ranar bikin ce.

Ku kuma shugabannin kwaya, ku ji tsoron Allah. Gwajin awa uku kowace yamma ba hutu, sannan wadda ta ce maƙogwaronta na ciwo a ce mata ba ta da himmar aikin Ubangiji? Ku raba gwajin, ku ajiye ruwan sha a bayan benci, mai dishewa ta zauna ta bi littafi da ido.